Aron Gona a Banga

Ƙarfe sha ɗaya saura kwata na safiyar wata Talata alƙali ya ce a kawo Alƙur'ani. Na riƙe lokacin daidai saboda akwai agogon bango a saman kansa, ni kuma tun ina ƙarama idan kunya ta hana ni kallon mutane, agogo nake kallo. Ina zaune a bencin ƙarshe na wata kotun alƙali a Ƙauran Namoda, shekarata goma sha huɗu, kuma wannan ce rana ta farko da na ga mahaifina yana aiki.

Baba lauya ne. A lokacin lauyoyi ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba a garin. Ofishinsa ɗaki biyu ne kusa da tashar jirgin ƙasa, da fanka mai ƙara da akwatin ƙarfe inda yake ajiye baƙar rigar aiki. Gidanmu gidan malamai ne. Kakana, wanda kowa ke kira Malam, ya shekara arba'in yana ba da karatu a zaure, kuma Baba ne ɗansa na farko da boko ya yi nisa da shi. Ni ce na gaji son takarda a cikin 'ya'yan Baba. Ban taɓa buɗe baki na ce ya kai ni kotu ba, sai dai yakan tarar da ni ina karanta bayan fayil ɗin da ya bari a kan tebur. A hutun da ya biyo bayan ba mu sabuwar jiha ne ya ce in shirya ranar Talata. Daga baya na gane abin da ya sa ya zaɓi ranar. Shari'a ce da ba ya shakkar zai ci, yana so 'yarsa ta gan shi ya ci.

Mai ƙarar wani dattijo ne daga Banga, abokin Malam tun suna samari. Mu yaran gida Kaka na Banga muke ce masa. Duk kaka yakan aiko mana da damin gero, idan kuma ya zo da kansa sai ya tsaya a tsakar gida ya ce, “Ina amaryata? Har yau ba ta iya tuƙin tuwo ba, sai karatu?” Ni kuwa sai in gudu ɗaki.

Yana da gona babba a gabashin ƙauyen. Shekaru da yawa da suka wuce, lokacin 'ya'yansa suna ƙanana kuma ciwon ƙafa ya kwantar da shi, ya ara wa maƙwabcinsa ita. Aron gona a wajenmu ba a rubuta shi. Ana faɗa ne a gaban mutum biyu ko uku, a yi addu'a, shi ke nan. Maƙwabcin ya yi ta nomanta har ya rasu, ɗansa ya ci gaba. Da 'ya'yan Kaka na Banga suka girma suka yi iyali, ƙaramar gonar da ta rage masa ta kasa ciyar da gidan. Ya aika a karɓo aronsa, sai ɗan maƙwabcin ya ce shi bai san wani aro ba, gonar ubansa ce, a cikinta aka haife shi.

Baba ya yi wa shari'ar shiri na watanni. Ya je ya auna iyakoki da ƙafarsa, ya zana taswira, ya samo mutum biyu da aka yi aron a gabansu. Ana saura mako uku a zauna, ɗayan ya rasu. Na ji Baba yana gaya wa mahaifiyata cewa ba komai, domin a irin wannan ƙara idan mai ƙara yana da shaida ɗaya, sai ya cika da rantsuwarsa a ba shi haƙƙinsa. Ya duba wannan a littafi, kuma haka yake. Abin da bai yi ba shi ne ya tambayi tsohon ko zai rantse.

Masinjan kotu ya kawo Alƙur'ani a naɗe cikin kyalle, ya ajiye a kan tebur. Alƙali ya ce wa Kaka na Banga ya fita ya yi alwala. Tsohon bai motsa daga inda yake durƙushe ba.

“Allah shi gafarta Malam,” in ji shi, “ni ban rantsuwa.”

Alƙali ya sake yi masa bayani a hankali. Ya ce shaidarsa ta karɓu, rantsuwa ɗaya ce tsakaninsa da gonarsa. Ya ce idan ya ƙi, rantsuwar za ta koma kan wanda ake ƙara.

“Na jiya. Ubana bai taɓa aza hannu bisa Littafin Allah saboda ƙasa ba, ni ko ban fara wa zuri'armu.”

Baba ya nemi a ba shi minti biyar. Ya durƙusa kusa da tsohon, babbar rigarsa tana jan ƙasa, yana magana ƙasa-ƙasa. Daga inda nake ina ganin gumi a ƙeyarsa. Na ji ya ce, “Baba, gaskiyarka fa za ka rantse a kai, ba laifi ba ne.” Tsohon ya dube shi ya ce, “Lauya, ɗan Malam kake. Ka taɓa ganin ubanka ya yi?”

Ɗan maƙwabcin, wanda bai wuce shekara talatin ba, ya fita ya yi alwala ya dawo da ruwa a gemunsa. Ya ɗora hannu ya rantse cewa gonar ta ubansa ce. Muryarsa ba ta yi rawa ba. Kafin azahar an gama rubuta hukunci.

Baba ya ja mota muka koma gida. Da yamma ya shiga zaure wurin Malam, ni kuma ina bayan labule da kwanon fura da aka aiko ni da shi. Malam bai yi masa faɗa ba. Cewa ya yi, “Da ka tambaye ni da na hwaɗa maka. Mutanen ga sun fi tsoron rantsuwar gaskiya bisa ga yadda wasu ke tsoron ta ƙarya. Cikinsu ka tashi, ina kat tahi ka manta?”

Tun daga makon nan Baba ya koma ɗalibi. Mutum mai shekara arba'in da wani abu, mai digiri, ya riƙa zama a kan tabarma bayan sallar asuba tare da almajiran Malam manya, ana biya masa babin hukunci da na shaida daga littattafan fiƙihu. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Gusau, inda a da sai an tafi Sakkwato. Aka tabbatar da hukuncin farko, domin alƙalin bai yi kuskure ko ɗaya ba. Hanya guda ta rage, ita ma a wurin Malam ya same ta. Idan aka samu wani shaida da ba ya nan lokacin shari'ar, ya zo ya cika na biyu, ana iya sake buɗe maganar ba tare da an nemi tsohon ya rantse ba.

Shaidan da ya rage ne ya tuna da wani. Ya ce akwai wani Bafillace da ke sauka da shanunsa a gonar duk bayan girbi, su ci kara su bar taki. Shekarar da aka yi aron, a gabansa Kaka na Banga ya ce wa makiyayin daga bana wurin wane za ka riƙa neman izini, na ara masa. Amma mutumin ya daɗe da yin arewa da dabbobinsa, ba wanda ya san inda ya zauna.

Aikin Baba na yawo ne. Litinin da Talata yana Ƙaura, Laraba sau da yawa Zurmi, Alhamis Shinkafi. Yawancin ƙararrakinsa na gado ne da iyakar gona da ɓarnar shanu, kuma da yawa daga masu zuwa wurinsa da kaji ko buhun dawa suke sallamarsa. Duk inda ya je, idan an tashi daga kotu, sai ya bi ta kasuwar shanu ya yi tambaya. Yana da siffar mutumin a rubuce a wata 'yar takarda cikin aljihu: dogo, mai tabo a gira, da sunan mahaifinsa da na zuri'arsu. Dillalai har sun saba. Suna hango shi sai su ce, “Lauya, yau ma ba mu ga mai tabon ba.”

Da aka dawo mulkin farar hula, dattawan unguwarmu suka zo suka ce ya tsaya takarar majalisar dokokin jiha. Bai iya hawa mumbari ba, idan ya yi jawabi kamar yana karanta hukunci, amma babu ƙauyen da bai taɓa tsaya wa wani a cikinsa ba. Ya ci zaɓe. Daga Lauya ya koma Onarabul, ya rufe ofishin tasha, ya miƙa fayil-fayil ɗinsa ga wani abokin aiki. Guda ɗaya ya riƙe a gida, mai ruwan ƙasa, an rubuta Banga a bayansa.

Watanni kaɗan bayan rantsar da su maganar Shari'a ta taso. Ina tuna yadda Ƙaura ta kwashe zuwa Gusau ranar ƙaddamarwa, har a saman motocin ɗaukar kaya, da yadda Malam ya yi kuka a zaure yana sauraron rediyo. Baba yana cikin kwamitin da ya duba ƙudurin, kuma ya ɗaga hannu ya amince da zuciya ɗaya. Sai dai shi ne mai yawan tambaya. Wa zai koyar da sababbin alƙalai? Wa zai zauna da mutumin ƙauye kafin ranar shari'a ya gaya masa abin da za a nema daga gare shi? Ya yi ta nanata cewa a riƙa tura masu rikicin gona wurin sulhu kafin a kai ga rantsuwa. Takardun jawabansa ni nake gyara masa su idan na zo hutu, saboda rubutunsa ba ya karantuwa, kuma na lura duk misalin da zai kawo, ko bai ambaci suna ba, gonar nan ce.

A gari kuwa tambayoyin nan ba su yi masa kyau ba. Aka fara cewa ai lauya ne, ɗan boko, abin bai kwanta masa ba. Wata ƙawata a makaranta ta tambaye ni ko gaskiya ne babana yana ja da Shari'a. Sai na shiga bayan aji na yi kuka.

Wata rana wasu 'yan jam'iyyarsa biyu suka zo gida, suna cin abinci a falo ina zuba musu ruwa. Ɗayan ya ce, “Onarabul, wai har yanzu gonar tsohon nan ke hana ka barci? Magana ɗaya za ka yi wa hakimi, yaron nan gobe da safe zai tattara fartanyarsa.”

“In ya tattara don tsorona, ranar da na sauka zai dawo da ita,” in ji Baba.

“To kada ka sauka mana!” Suka yi dariya, shi bai yi ba.

A Banga abubuwa sun yi ta ja baya. 'Ya'yan tsohon biyu suka koma yin ƙwadago a gonakin mutane, ƙaramin ya tafi Kasuwar Daji yana haya da babur. Damin geron da ake aiko mana ya koma rabi, amma bai taɓa fasa zuwa ba. Baba ya so ya ce a daina, Malam ya hana shi, ya ce wannan ya fi ƙwace gonar ciwo.

A shekararsa ta uku a majalisa aka ga mai tabon. Wani dillali a Shinkafi ya aiko cewa mutumin ya dawo, ya tsufa, yana zaune wurin 'ya'yansa a wajen Galadi. Damina ce, mota ba ta shiga, Baba ya hau bayan babur da babbar riga ya tafi. Ya dawo da laka har gwiwa yana dariya kamar yaro. Makiyayin ya tuna komai, har da itacen da suka tsaya a ƙarƙashinsa, kuma ya ce zai zo kotu duk ranar da aka kira shi.

Ranar Asabar Baba ya tafi Banga, ya tafi da ni. Lokacin na gama sakandare ina jiran sakamako. Muka tarar da tsohon a ƙofar gida yana gyaran igiya. Ya ce, “A'a, yau amarya da kanta? Ko an koro ki gidan ubanki?” Baba ya zauna ya buɗe fayil, ya yi masa bayani tun daga farko. Ya ce wannan karon ba wanda zai ce ya taɓa Alƙur'ani, hannu kawai zai sa a takarda, abokin aikinsa ya shigar da ƙara.

Tsohon ya saurara har ƙarshe. Ya tambayi lafiyar makiyayin, ya tambayi ko shanunsa sun yi yawa. Sannan ya ce, “Lauya, Allah shi yi maka albarka. A bar maganar ga.”

“Baba, shekara biyar ina neman mutumin nan.”

“Na sani. A bar ta.”

Baba ya yi ta roƙo har la'asar. Babban ɗan tsohon ya sa baki, ya ce su fa su ke shan wahalar. Uban ya ɗaga masa hannu ya dakatar da shi. Dalili kuwa bai bayar ba. A hanyar dawowa, wajen wata gada, Baba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Bai yarda da ni ba kuma. Yana da gaskiya. Na taɓa kai shi gaban jama'a na kunyata shi.”

Bai samu komawa majalisa ba, tun a zaɓen fid da gwani aka kayar da shi. Ya sake buɗe ofishin tasha, ya sa aka gyara fankar, ya koma Zurmi ranar Laraba da Shinkafi ranar Alhamis. Wata sabuwar ɗabi'a ya dawo da ita. Duk wanda ya kawo masa ƙara, kafin ya buɗe fayil sai ya tambaye shi, “Idan aka ce ka rantse, za ka rantse?” Sau biyu ya sake aika wa Banga, amsar ba ta canja ba. Malam ya rasu, makiyayin ma muka ji ya rasu, da shi kuma hanyar ta rufe. Ina aji uku a jami'a ina karatun lauya hawan jini ya kayar da Baba a harabar kotun Zurmi. Kwana tara ya yi a asibiti.

Kaka na Banga bai samu zuwa ta'aziyya ba, ƙafar ta hana shi, sai 'ya'yansa ya turo. Bayan sadakar arba'in mahaifiyata ta ce in je in gaishe shi a madadin gidan, ƙanena ya kai ni a kan babur. Na ɗauki fayil ɗin mai ruwan ƙasa, ban san me zan yi da shi ba.

Yana kwance a kan tabarma a inuwar rumbu, idonsa ya yi hazo. Da aka gaya masa ko wace ce, bai yi mini wasan da ya saba ba. Ya yi wa Baba addu'a mai tsawo, ya yi wa Malam. Na zauna ina murza gefen mayafina. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, sai na ji bakina ya buɗe.

“Kaka, Baba ya rasu yana ganin ba ka yafe masa ba.”

Ya yunƙura ya tashi zaune. “Wa ya hwaɗi haka?”

“Shi ya faɗa. Ya ce shi ya sa ka ƙi a koma kotu.”

“Inna lillahi. Yaron ga! Mi ya yi mini da za ni yafe? Shi da ya hau babur har Galadi saboda ni?”

“To me ya sa ka ƙi? 'Ya'yanka suna noma gonar mutane, ga shaida an samu.”

Ya gyara zama. Ya sa aka kori yaran da suka taru, ya ce wa ƙanena ya je ya duba babur ɗinsa. Sannan ya matso da kansa kusa da ni.

“Ɗiyata, ran da yaron nan ya aza hannu bisa Littafin Allah, ina kallon idonai. Bai yi ƙarya ba. Abin da ya sani ya rantse a kai, ubanai bai taɓa hwaɗa mai aro ta ba. Can na gane. Ni da ubanai tare aka yi muna kaciya, shi ya ɗauke ni bisa bayanai zuwa wurin mai magani sadda ƙahwar ga ta ruɓe. Ya yi jinya wata huɗu da hankalinai, ina zuwa kullum, bai kira ɗanai ya ce ga amanar wane ba. Ko mantuwa ta, ko son ɗiya na, Allah ya sani. In Bafillacen nan ya tsaya gaban alƙali, duk Banga za a ce wane ya mutu da gonar mutane, a riƙa nuna jikokinai da baki. Shi kuwa yana inda ba shi iya tashi shi ba da amsa. Ni ko tun ba a san da Bafillacen ba na kira liman da ladan, na ce su shaida na bar mashi gonar, halak malak, tun daren da aka yi hukunci, don kada a tambaye shi can. Na roƙe su kada su hwaɗi. Gonar da ubanki ke nema, na riga na kyautar. Na ji kunyar in gaya mai ya yi wahalar banza, sai na yi ta cewa a bar ta. Wanga kuskurena na, ba nashi ba.”